Cocinmu ta karɓi 'yan gudun hijira, yanzu ni kaɗai aka bar wa ɗawainiyarsu

Mama barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Dan Allah ki ɓoye sunana da na cocinmu.

Watannin baya wata ƙungiya mai kula da 'yan gudun hijira ta kawo wani iyali kusa da mu, miji da mata da yara uku, yaƙi ne ya koro su daga ƙasarsu, sun yi shekaru a sansani kafin a basu izinin zama a nan. Fasto ya sanar a sujada cewa cocinmu zata tsaya musu, ranar kowa ya ɗaga hannu, aka kafa kwamiti aka saka ni a ciki tunda ina cikin shugabannin zumuntar mata. Makon farko gidan nasu ko wurin zama babu saboda mutane da kaya. Yanzu Mama ni kaɗai na rage. Ni ce asibiti, ni ce makarantar yara, ni ce ofishin takardu, wayata bata hutawa har tsakar dare. Na taɓa kuɗin gidana ba sau ɗaya ba ban faɗa wa maigida ba, ya gane, yanzu ko sunansu na ambata sai ya tashi ya bar min ɗakin.

A coci kuma wata gwauruwa da ta daɗe tana fama da marayunta ta tsare ni a bakin ƙofa tace ita shekara nawa tana nan ba wanda ya taɓa biya mata haya, sai baƙi da ba ma addininmu ɗaya ba. Ban iya ce mata komai ba dan naga gaskiyarta. Shi kuma uban yaran, wanda malamin makaranta ne a ƙasarsu, ya canza gaba ɗaya, baya fitowa in mun je, kwanaki ya mayar da buhun tsofaffin kaya da wasu suka kai, yanzu ana cewa butulu ne. Babbar 'yarsu mai shekara 13 ita ke mana tafinta ko a gaban likita. Ga Fasto yana so a kawo su gaban jama'a ranar sujadar godiya su bada shaida a ɗauki hoto a saka a Facebook na coci, wai zai ƙarfafa mutane su ƙara bayarwa, wasu dattawa ma suna cewa ai lokaci ya yi da zasu fara zuwa sujada.

Ina son mutanen nan, matar ta zama kamar ƙanwata, amma na gaji, har nakan ga kiranta in ƙi ɗauka sannan in zauna ina kuka. Zunubi nake yi? In janye ne ko in daure?

Wata 'yar'uwa

'Yata sannu, sannu da ƙoƙari. Ki share hawayenki tukuna, gajiya ba zunubi bace. Ko Musa da yake zama daga safe har yamma yana sauraron jama'a shi kaɗai, surukinsa Yetro kallonsa yayi yace masa abin da kake yi ba daidai bane, kai da mutanen duka zaku gaji, ka nemo amintattu ku raba aikin, yana nan a Fitowa sura 18. Toh kinga ba a kanki aka fara ba. Amsata a taƙaice ita ce kar ki janye farat ɗaya, kuma kar ki ci gaba a haka. Ikilisiya ce ta yi alkawari a gaban Allah da mutane, ba ke ba, sai aka wayi gari mace ɗaya ke biyan alkawarin mutum ɗari, kuma wannan ba ke kaɗai yake cuta ba, har su iyalin yana cutarsu, domin duk duniyarsu a sabuwar ƙasa ta rataya a lambar waya ɗaya, ranar da kika kwanta rashin lafiya shikenan sun koma kamar ranar da suka sauka.

Abin da ya faru a cocinku ba sabon abu bane, kusan ko'ina haka yake. Kai katifa da tukwane a makon farko abu ne mai daɗi, ana gani ana yabawa. Zaman layi a ofis, cike fom, bin yaro makaranta dan malami ya kira, wannan ba mai tafa maka, shi ya sa hannuwan da aka ɗaga suke sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙasashen da suka daɗe suna wannan aikin sun gane haka tuntuni har suka mayar da shi ƙa'ida. A Kanada tun 1979 ake da tsarin da mutanen gari da coci-coci ke ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira, cocin Menonayit na cikin waɗanda suka fara sa hannu da gwamnati lokacin da mutanen Biyetnam ke tserewa ta teku, kuma daga lokacin an karɓi sama da mutum 300,000 ta wannan hanyar. Amma ko a can in mutanen gari ne suka haɗu, ba a yarda mutum ɗaya ya ɗauka, aƙalla mutum biyar ake nema, da tsari a rubuce na wa zai yi me, da wa'adi na wata 12. Birtaniya da ta fara nata a 2016, inda iyalin farko daga Siriya suka zauna a wani gida cikin harabar fadar Akbishop na Kantabari, babban limamin cocin Anglika, ita ma sai ƙungiya ta nuna tana da kuɗi a ƙasa da gidan da iyalin zasu iya zama shekara biyu da dokar kare yara kafin a bata kowa. Mutane da yawa, takarda, da ranar ƙarewa. Ki duba kwamitinku ki gaya min wanne kuke da shi a ciki.

Amma kafin coci, gidanki. Maigidanki yana da gaskiya a maganar kuɗin nan kuma bazan ɓoye miki ba, alheri da aka yi da kuɗin da aka ɗauka a ɓoye yana barin tabo. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, kar ki fara da labarin wahalar mutanen, ya sha ji, ki fara da ban haƙuri, ki faɗa masa nawa kika ɗauka ba ragi, kice bazaki ƙara ba. Sannan ki tambaye shi, Baban yara, kwana nawa a mako kake ganin zan iya basu ba tare da gidan nan ya tauye ba? Mutumin da aka nemi shawararsa daban yake da wanda yake jin labari daga baya. Ina zargin ba mutanen yake ƙi ba, ya ga an shiga gidansa ta wayarki ne ba sallama. In ya sauko, wata rana ki roƙe shi ya raka ki sau ɗaya kawai ya gaisa da uban yaran, ba dole, in ya ƙi ki bar shi. Zaki ga dalilin wannan roƙon yanzu.

Uban yaran nan da ake kira butulu shi ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki. Ki ɗan tsaya a inda yake. Mutum ne da yake shiga aji yara su miƙe, yana da albashi, maƙwabta na zuwa neman shawararsa, shi ke ciyar da gidansa. Yaƙi ya kwashe wannan, sansani ya cinye masa shekaru yana bin layin rabo, sai ga labari mai daɗi an zaɓe su, kuma ki sani wannan sa'ar ba ƙarama bace domin cikin 'yan gudun hijirar duniya ko ɗaya cikin ɗari basa samun a sake tsugunar da su a wata ƙasa a shekara. Ya iso da buri, yana cewa yanzu zan koma mutum. Sai ya tarar takardun karatunsa ba a san da su ba, bakinsa baya aiki a kasuwa balle a ofis, 'yarsa mai shekara 13 ce ke masa magana da likita, mata baƙi na shiga gidansa kowane lokaci da buhuna, suna hira da matarsa shi yana gefe, ba wanda ya taɓa tambayarsa malam me kake so. Mayar da buhun nan wataƙila shi ne abu ɗaya da ya rage masa da zai iya yanke hukunci a kai. Kuma bari in faɗi abin da mu masu bayarwa bama son ji, sau da yawa kayan da ake tarawa da sunan taimako shara ce da mutane ke neman inda zasu sauke, riga mai yagewa, takalmi ƙafa ɗaya ya fi ɗaya lalacewa. Ban ga buhun ba, ke kin gani, ki tambayi kanki ko zaki saka wa naki yaran.

Akwai kuma abin da masu aikin nan suka sani, cewa murnar isowa bata daɗewa. Watannin farko mutum na cikin doki, daga baya in ƙura ta lafa ya ga ba komawa, sai baƙin ciki ya sauko, kewar waɗanda aka bari da waɗanda aka binne, rashin barci, saurin fushi, ƙin fita. Ba nace ciwo yake da shi ba, ni ba likitarsa bace, amma in matarsa ta gaya miki baya barci ko baya cin abinci ko yana maganar gara ya mutu, wannan ba na addu'a kaɗai bane, ki sanar da jami'in ƙungiyar da ta kawo su a haɗa shi da likita cikin sirri, in maganar mutuwa ce ma ranar za a yi ba gobe ba. Kuma dan Allah ku daina tambayarsu me ya faru a can. In sun so zasu faɗa da kansu, in sun fara ku saurara, in sun yi shiru ku bar shirun.

Abin da mutumin nan ke buƙata daga coci maza ne da aiki. Namiji ɗaya ko biyu masu hankali, ba masu wa'azi ba, waɗanda zasu riƙa zuwa wurinsa shi, su fita da shi, su nuna masa gari, su zauna da shi yana koyon yare ba tare da an masa dariya ba. Babban arzikin coci ba asusunta bane, mutanenta ne, a benci ɗaya zaki samu malami da nas da mai shago da direba da mai gidan haya, kuma yawancin aiki ta bakin wani ake samunsa, abin da baƙo bashi da shi kenan. A nemo malamin makaranta a cikinku ya binciko masa inda ake tantance takardun karatu na ƙasashen waje da me ake buƙata, kafin nan ko ƙaramin aiki ne ya samu, in dai takardunsa sun bashi izinin aiki, kuma a biya shi daidai da kowa, kar wani ɗan coci ya mayar da shi ɗan aikin banza da sunan taimako, wannan yana faruwa. Kin tuna Bo'aza bai aika wa Rut da buhu gida ba, barinta yayi ta yi kala a gonarsa, ya ce wa ma'aikata kar su taɓa ta kar su kunyata ta, su riƙa zubar mata da hatsi da gangan. Ta koma gida da abin da hannunta ya tara. Sannan in sun baku wani abu ku karɓa, in sun gayyace ku ku je ku zauna ku ci, in yace zai koya wa yaran unguwa lissafi ku tara masa yaran. Wanda kullum shi ake ba, ba a taɓa karɓar nasa, a hankali yake fara ƙin mai ba shi.

Yarinyar nan kuma a sauke mata tafinta a asibiti da ofis, yau ba gobe ba. Yarinya 'yar 13 bai kamata ta ji ciwon uwarta na mata ba, ko ta zama ita ke faɗa wa ubanta an ƙi takardarsa, kuma ko ba wannan ba, yaro yakan rage magana ko ya canza ta dan kunya ko tsoro, a maganar magani kuwa kuskure ɗaya ya isa. Ku nemi tafinta babba ta hannun ƙungiyar ko asibitin, mace in maganar mata ce. Ita a barta ta yi makaranta ta yi ƙawaye.

Sai gwauruwar nan. Naji daɗi da kika ce kinga gaskiyarta, domin tana da ita. Kar kowa ya ce mata hassada take, kuma kar a karanta mata ayar karɓar baƙi a rufe mata baki. Irin wannan ƙorafin shi ne rikici na farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni basu ce ku yi haƙuri ku daina gunaguni ba, tara jama'a suka yi aka zaɓi mutum bakwai aka damƙa musu aikin, kuma in kin duba sunayen, su Istifanas da Filibus, duka sunayen Helenanci ne, wato ga alama daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo su. A Maimaitawar Shari'a sura 24 ma, inda aka ce a bar ragowar amfanin gona, baƙo da maraya da gwauruwa a jere aka ambace su, ba a ce a zaɓi ɗaya ba. Zuwan baƙin nan bai jawo matsalar matar nan ba, tona ta yayi, ya nuna cewa cocinku na iya tara kuɗin haya cikin mako ɗaya in ta so, shekarun nan duk bata so bane. Wannan abin kunyar na coci ne ba na baƙin ba. Ki je gidanta da kanki, kice Mama maganarki ta tsaya min, zan kai ta gaban dattawa in kin yarda. Ki nemi a raba asusu biyu a fili, kuɗin da aka tara dan iyalin ya tafi garesu, a kuma tayar da asusun gwauraye da marayu da ƙa'idar da kowa ya sani, kuma duk abin da za a buɗe saboda baƙin, ajin koyon karatu ne, taimakon yara da aikin gida ne, neman aiki ne, a buɗe shi ga duk mai buƙata a unguwa. In kika ga zuciyarta ta sauko, ki gayyace ta cikin kwamitin, ba wanda ya san yadda ake riƙe gida da ɗan kaɗan kamarta, kuma ba wanda ya san zafin a baka abu ana kallonka kamarta.

Maganar Baba Fasto, nan zan tsaya da ƙarfi. Na yarda niyyarsa mai kyau ce, yana ganin hannuwa sun sauka yana neman abin da zai sake ɗaga su. Amma kar a yi. Mutumin da ya gudo daga yaƙi sau da yawa yana da 'yan'uwa da suka rage a can, kuma waɗanda suka kore shi suma suna da waya. Hoto da suna da wurin zama a Facebook, a cikin coci, ga mutanen da ba Kirista ba, zai iya zama dalilin da za a taɓa wani nasu a gida ko a ce sun bar addini, su rasa 'yan ƙasarsu da ke nan waɗanda su ne zasu riƙe su bayan ku. Abin da ya hau intanet kuma baya saukowa. Kar ace ai za a tambaye su, wanda kake biya wa haya in ka tambaye shi zai ce toh ne ko ransa baya so. In ana son jama'a su ƙara bayarwa, kwamiti ya tashi ya bada rahoto, an shigar da yara makaranta, an biya kaza, saura kaza, ba suna ba hoto. Mutane sun fi sakin hannu in sun ga lissafi.

Su kuma dattawan da ke cewa lokaci ya yi su fara zuwa sujada, ki tambaye su cikin ladabi, Baba in basu zo ba zamu daina ne? In amsar a'a ce toh a bar maganar, in kuwa e ce ashe ba taimako muke ba, ciniki ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, a sashe na 4, ta tanadar musu 'yancin yin addininsu da tarbiyyar yaransu a kai, kuma ƙa'idar aikin agaji da Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka fitar a 1994, wadda ƙungiyoyin coci da yawa suka sa wa hannu, ta ce ba a amfani da agaji dan tallata addini ko siyasa. Amma ni ba ma sai na je can ba, a Matiyu 25 da Yesu ya yi maganar baƙon da aka karɓa bai haɗa da sharaɗi ba. Ba nace ku ɓoye ko ku su waye ba, sun san daga coci kuke. In sun tambaya ku amsa, in sun nemi addu'a ku yi, in sun ce zasu zo ƙofa a buɗe take. In kuma sun tambayi ina wurin ibadarsu yake, ku nuna musu hanya, har ku haɗa su da shugaban wurin. Yara kuwa kar a kai su makarantar Lahadi ko wani taron coci sai da sanin iyayen da yardarsu, kuma kar babba ɗaya ya keɓe da yaro a mota ko a ɗaki, ko waye shi a coci, wannan kariya ce ga yaran da ma shi kansa.

Toh yanzu yadda zaki ɓullo wa abin. Ki zauna ki rubuta duk abin da kike musu a wata, komai ƙanƙantarsa, da kuɗin da ya fita daga hannunki. Ki nemi ganin Fasto ke da shugabar zumuntar mata, ba a bakin ƙofa bayan sujada ba, zama na musamman. Kar ki je da kuka ko zargi, ki miƙa takardar kice Baba ga aikin da coci ta ɗauka, ni daga wata mai zuwa abu kaza da kaza zan iya, sauran ina roƙo a nemo masu yi. Kuma kar a sake sanarwa daga bagade a ce masu niyya su ɗaga hannu, kin ga inda wannan ya kai ku. A bi mutane ɗaya ɗaya da suna, a ba kowa abu ɗaya ƙarami mai iyaka, wane kai ne makarantar yara, wance ke ce asibiti, wane kai da malam sau ɗaya a mako na wata shida. Mutum yakan gudu daga "ku taimaka musu" amma da wuya ya ƙi "ka kai shi wuri kaza ranar Talata". Kuɗi kuma ya bi ta hannun ma'aji da rasit, kar ya ƙara fita daga jakarki, kuma kowa ya daina ba su a ɓoye ko yi musu alkawarin da kwamiti bai sani ba.

Ki kira jami'in ƙungiyar da ta kawo su ma, ki tambaye shi kai tsaye me ke wuyansu, me gwamnati ke bayarwa, har zuwa yaushe. Zaki iya tararwa rabin abin da kike kashe kanki a kai haƙƙinsu ne da wani ofis ya kamata ya yi. Maganar takardun zama da ta kawo sauran dangi ki bar wa lauya ko ƙungiyar, kar wani ɗan coci ya basu shawara da ka, kuskure a nan yana da tsada, misali ɗan gudun hijira da ya koma ƙasarsa ziyara ko ya sabunta fasfonta zai iya jefa matsayinsa cikin haɗari. In suna neman wani nasu da ya ɓace, Red Cross na da sashen haɗa iyalai da yaƙi ya raba kuma kyauta ne. Takardunsu na asali kuma a hannunsu zasu zauna, ba a ofishin coci ba, ba a jakarki ba.

Sannan zaman da ya kamata a ce da shi aka fara, kwamiti da miji da matar tare, da tafinta babba, a gidansu in sun yarda. A tambaye su me suka fi buƙata a watanni shida masu zuwa, me ake musu da basa so, wane lokaci suke son baƙi wane lokaci basa so. A fuskanci mijin a tambaye shi. A gaya musu gaskiya taimakon haya zai kai wata kaza sannan ya fara raguwa, gara su sani da wuri su shirya da a yanke musu ba zato. Ke ma ki canza salon naki taimakon, in zaki kai ta asibiti ku hau motar haya tare ki nuna mata inda ake sauka, karo na gaba ita ta ja gaba kina biye, na gaba ta tafi ita kaɗai ta kira ki in ta isa. Ya fi cin lokaci da farko, na sani.

In kuma kin yi duk wannan coci ta yi shiru, Fasto yace za a duba aka bar shi a za a duba, kar ki koma ɗaukar kayan duka dan kunya. Ki nemi mutum biyu ko uku da kika yarda da su ku yi iya naku, ki leƙa wasu coci-cocin da ke kusa da wurin ibadar su iyalin da ƙungiyar 'yan ƙasarsu in akwai, sau da yawa akwai wanda ya riga su zuwa da shekaru yana jin yaren biyu kuma yana neman wanda zai taimaka. Ki sanar da ƙungiyar a rubuce cewa ga abin da coci ta daina yi dan su san inda giɓi yake. In ma lafiyarki ko aurenki ya kai inda dole ki huta gaba ɗaya na ɗan lokaci, ki huta, amma ki miƙa aikin hannu da hannu, kar ki ɓace.

Ita ƙanwar taki kuma, ƙin ɗaukar wayar nan ya fi mata ciwo fiye da gaskiya, domin wadda ta rasa gida da dangi in aka yi mata shiru abin da zata fara kawowa shi ne ta yi laifi ko an gaji da ita. Ki je ki zauna da ita ki ce mata ƙanwata ina nan ban tafi ba, amma da dare ina tare da maigida da yara, in abu na gaggawa ne ga lambar asibiti da ta 'yan agajin gaggawa, in na makaranta ne ga wance, ni kuma ranar kaza zan riƙa zuwa. Ki rubuta mata lambobin manya manya ta liƙa a bango. A wasu ranakun zuwan naki kar ki je da fom ko saƙo ko buhu, ki je hira kawai, ki bar ta ta yi miki hidima a ɗakinta.

Ki rubuto min bayan zamanku da Baba Fasto in ji yadda kuka yi da maganar hoton.